Jinjina ga Mahaƙan Ƙarƙashin Landan

Mai sauka a tashar jirgin ƙasa ta Tottenham Court Road a Landan fitilu yake gani da matakala masu tafiya da kansu, ba ya ganin mahaƙan ramin, alhali su suka fi cancantar jinjina. A aikin layin jirgin ƙasa na Elizabeth, injuna takwas suka huda ramuka masu tsawon kilomita 42 a ƙarƙashin birnin da cikinsa ya riga ya cunkushe da bututun ruwa da tsofaffin layukan jirgi. A wannan tasha injin haƙa ya ratsa ta saman ramin layin Northern, tazararsu ba ta kai mita ɗaya ba, jirage na ta kai da kawowa, masu shaguna a titin Oxford na cinikinsu. Dare da rana injiniyoyi ke sa ido kan na'urorin auna motsin ƙasa, kada bangon wani ya tsage.

Za a ce aikin ya makara, tunda an yi alkawarin 2018 amma sai Mayun 2022 aka buɗe layin, kuɗi kuma suka zarce kasafi. Haka ne, sai dai jinkirin ya fi shafar na'urorin sigina da kammala tashoshi. Haƙa kam tun 2015 aka gama. Mahaƙa sun fita kunya, a yaba musu.