Takarda da Rufin Asiri: Nazari kan Rubuta Damuwar Zuci a Ƙasar Batsari

Fiye da shekara goma ke nan garuruwan bakin Dajin Rugu, irin su Wagini da Ruma a Batsari da Runka a Safana, suna fama da 'yan bindiga. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum kusan 30 a Tsauwa da Dankar cikin dare ɗaya. Rayuka da shanu da kuɗin fansa duk ana iya lissafa su. Abin da ba ya shiga lissafi shi ne halin matar da aka sako daga daji ta koma ba ta son magana, ko magidancin da ya sayar da gona ya fanso ƙanensa, yanzu yana jin haushin ƙanen, yana kuma kunyar wannan haushi. In ka yi masu jaje, amsar ba ta wuce "mun gode Allah".

Masana halayyar ɗan Adam suna da wata dabara ga irin wannan ƙunci: mutum ya keɓe, ya rubuta wa kansa abin da ya faru da yadda ya ji a ransa. A 1986 James Pennebaker da Sandra Beall suka wallafa gwajin da suka yi mata kan ɗalibai 46 a wata jami'a da ke Texas ta Amurka. Kowa ya yi rubutu na minti 15, kwana huɗu a jere. Waɗanda suka haɗa labarin abin da ya same su da abin da suka ji sun tashi ransu a ɓace, amma cikin wata shida da suka biyo baya zuwansu asibiti ya ragu. Daga baya Pennebaker ya lura cewa wanda ya fi amfana shi ne wanda rubutunsa ke sauyawa daga kwana zuwa kwana, ya fara neman dalili, ya fara hango abin ta idon wani. Mai maimaita kuka ɗaya kullum ba ya samun sauƙi sosai.

Za a iya cewa wannan ba tarbiyyarmu ba ce. Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma kunya da kawaici sun hana uwa ambaton sunan ɗan farinta, balle ta zauna zayyana ƙuncinta. Sai dai abin da al'ada ta tsana shi ne tonon asiri gaban jama'a, ba wai mutum ya san abin da ke cikinsa ba. A nan takarda ta fi aboki, domin ba ta kai tsegumi majalisa, ba ta kuma katse ka da "yi haƙuri" tun ba ka kai ƙarshen zance ba.

Addini ma bai bar mu hannu rabbana ba. Malaman tasawwufi sun daɗe suna koyar da muhasaba, wato bawa ya riƙa yi wa zuciyarsa hisabi, har aka yi wa Harisu na Bagadaza, wanda ya rasu a 857, laƙabin Almuhasibi saboda ita. A ƙasar Hausa, Nana Asma'u 'yar Shehu (1793–1864) ta yi marsiyya ga ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, da mijinta Waziri Giɗaɗo, da aminiyarta A'ishatu. Ba ta ɓoye kewa da kaɗaici ba, kuma babu wanda ya zarge ta da rashin tawakkali. Amma marsiyya don a ji ake yin ta, shi ya sa baƙin cikin da ya dace kaɗai take ɗauka. Haushin mamacin da ya bar ka da bashi, ko kunyar cewa ka gudu ka bar maƙwabci, ba su da gurbi a baiti. Wannan giɓi ne rubutun keɓe yake cikewa.

Matsalar ita ce an tsara dabarar don mai ɗakin kansa da makulli. Wanda ya yi gudun hijira zuwa garin Batsari ko birnin Katsina, iyalinsa cunkushe a ɗaki ɗaya, ina zai ajiye littafin sirri? Ga kuma tsoron 'yan infoma: takardar da ke ɗauke da sunan wanda aka gani cikin maharan tana iya jawo kisa. Don haka duk mai koyar da wannan a yankin ya kamata ya fara da sharuɗɗa biyu. Kada a rubuta sunan kowa, kuma babu laifi a ƙone takardar da zarar an gama, domin amfanin yana cikin rubutawar, ba cikin adanawa ba. Rashin boko ba uzuri ba ne ga wanda ya yi allo, tunda ajami ya wadatar. Wanda ba ya ko ɗaya, akwai hanyar da masana daga Jami'ar Konstanz ta Jamus suka gwada kan 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda: mutum ya ba da tarihin rayuwarsa da baki, wani amintacce da aka horar ya rubuta, ya karanta masa.

Kada kuma a zuzuta abin. Joanne Frattaroli ta tattara gwaje-gwaje 146 a 2006, ta samu cewa amfanin tabbas ne amma kaɗan ne. Wanda raunin zuciyarsa ɗanye ne, ko yake firgita cikin barci, ko yake tunanin halaka kansa, likita yake buƙata, ba biro ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ba ta sauya wannan lissafi ba tukuna. Kafin ya sauya, malaman Islamiyya da ma'aikatan ƙananan asibitocin Batsari da Safana su ne mafi kusa da mutane. Su ya dace a koya wa yadda za su sa mutum ya rubuta, da alamomin da ke nuna lokaci ya yi da za a ajiye takarda a tura shi asibiti.