Jinjina ga Kafintocin Gusau da Almajiransu

Tun kafin layin dogo ya taso daga Zariya, ya ratsa Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, masassaƙan ƙasar Zamfara suna fafe turmi daga ƙirya, suna fitar da allo daga aduwa, da gatari da gizago kaɗai. Amma da zarto da ƙusa suka wadata, sai kafintoci suka bayyana, har ya zama yau duk wanda ya biyo hanya daga Tsafe zuwa Gusau, ya zarce Bunguɗu, zai riƙa ganin gadajen amare jere a bakin titi.

Wanda ya fi cancantar yabo a wurina kuwa shi ne almajirin sana'ar, wanda yake tsince guntayen katakon da maigidansa ya yar, ya kai zaure bayan La'asar, ya yi ta awo yana yanka, har ya haɗa wa mahaifiyarsa kujera 'yar tsugunno, ko da ƙafa ɗaya ta ɗara sauran tsawo. Sana'ar kuwa mai daraja ce, domin ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, alaihissalamu, masassaƙi ne. Sai dai katako ya yi tsada, maɗaci ya yi wuyar samu, don haka yaron kan miƙe tanƙwararriyar ƙusa ya sake bugawa.