Abdullahin Gwandu: Ƙanen da Inuwar Wansa ta Rufe

Daga Funtua zuwa Malumfashi, da wuya a sami wanda bai san sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba. Amma in aka ce a faɗi littafi guda na ƙanensa Abdullahi, sai wuri ya yi tsit. Haka ta faru da Thomas Corneille a Faransa: wasan kwaikwayonsa na 1656 ya tara 'yan kallo ƙwarai, amma yau wansa Pierre ake karantawa. Mu da muke hidima a tsakiyar maƙwabta Musulmi, ya kamata mu san Abdullahi a kan kansa.

Littafin da ya fi nuna mana shi shi ne Tazyinul Waraƙati, wanda ya haɗa a 1813. Waƙoƙinsa ne na Larabci ya tattara, yana bayyana dalilin kowacce. A ciki akwai murnar nasarar Tabkin Kwatto ta 1804, inda shi ne ya ja runduna. Akwai kuma kukansa da ya ga waɗansu abokan gwagwarmaya sun koma neman mulki da dukiya. Abin ya dame shi har ya bar su da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake shari'a da mulki, sa'an nan ya koma gida.

Ƙarfin littafin ke nan. Yabon jama'a bayan nasara abu ne mai sauƙi; tsawata mata daga ciki, alhali wanka ne shugabanta, sai mai ƙarfin hali. Rauninsa kuwa harshe ne. Larabcinsa cike yake da kalmomin mawaƙan dā, sai malami ya zauna ya fassara. Waƙoƙin Shehu na Fulatanci kuwa, da aka mayar Hausa, sun kai har bakin manomi.

Sarauta ma ta taimaka wajen rufe shi. Da Shehu ya rasu a 1817, ɗansa Muhammadu Bello ne ya zama Sarkin Musulmi. Abdullahi ya zauna Gwandu, ya ci gaba da koyarwa da rubutu, daga baya suka shirya da Bello a Kalambaina. Tarihi yakan bi mai rawani, ya manta mai alƙalami.

'Yan'uwa, darasin ya shafe mu. A ikilisiyoyinmu akwai mataimakin fasto, ko mai bishara na ƙauye, wanda yake ganin abin da na sama ba ya gani. In ya yi magana, mukan ce hassada ce. Kafin mu yanke hukunci, mu tambayi kanmu: maganarsa muka auna, ko matsayinsa?