Amita Baccan Da Kishin Maza

'Yar'uwa, in aka ce Amita Baccan na san abin da zai faɗo miki a rai: dogon mutumin nan mai murya kamar ganga, wanda a fim ɗin Deewaar na 1975 ya shiga sito shi kaɗai, ya kulle ƙofa, ya lakaɗa wa ƙarti duka. Haka yayyenmu maza suka san shi a silima, su dawo gida suna kwaikwayon tafiyarsa. Mu kuwa sai da bidiyo ya shigo ɗaka muka kalle shi a nutse, kuma ni dai abin da na gani ya sha bamban da nasu.

Finafinan dambe su suka yi masa suna, ba musu, tun daga Zanjeer a 1973. Amma ki duba matan cikinsu. Ko uwa mai kuka, ko budurwar da ake ajiyewa a gefe sai lokacin waƙa. A Sholay ma, Jaya Baduri, matarsa ta haƙiƙa, fararen kayan wadda mijinta ya mutu aka sa mata, tana kashe fitilu, da ƙyar ta yi magana.

Inda na ce lallai mutumin nan ɗan wasa ne shi ne Abhimaan, wanda ya fito a 1973, shekarar da suka yi aure. Mawaƙi ne shahararre ya auro 'yar ƙauye, shi da kansa ya ce ta riƙa waƙa tare da shi. Ashe ta fi shi murya. Nan fa jama'a suka koma kanta, masu kuɗi suna neman ta ita kaɗai. Bai mare ta ba, bai zage ta a titi ba. Fuska kawai ya ɗaure, gaisuwa ta koma ciki-ciki, magana kaɗan sai baƙa, sannan ya faɗa shan giya. Ta koma gidan mahaifinta, ciki ya zube, ta daina magana gaba ɗaya. Allah sarki! Duk wadda ta taɓa ɓoye ribar adashinta ko sakamakon jarrabawarta don kada maigida ya canza fuska, ta san wannan kallon da Amita yake yi. Ana ta cewa kishi kumallon mata, to ga na maza an nuna shi tsirara, kuma bai ji kunyar fitowa a ƙaramin mutum ba.

Abin da ke sa ni jinjina kai, a lokacin Jaya ta fi shi suna. Guddi na 1971 ya riga ya ɗaga ta, shi kuwa finafinansa sai faɗuwa suke kafin Zanjeer. Ban shiga sirrin gidansu ba, amma lissafi a fili yake: bayan Silsila a 1981 ba ta sake fitowa a babban matsayi a fim ɗin Indiyanci ba sai 1998.

Duniya rawar 'yammata. Kamfaninsa na ABCL ya durƙushe da bashi, har talabijin ta cece shi a 2000 da shirin kacici-kacicin nan na Kaun Banega Crorepati, inda ya koyi zama da talaka yana saurarensa.

Na san Baghban na 2003 ya sa ku kuka, ni ma na yi. Sai dai ban yarda da shi ba. Uba ba shi da laifi ko ɗaya, 'ya'ya huɗu duk butulai, matansu kuwa an mai da su tushen sharri. Wannan labarin surukai sun daɗe suna ba mu shi, ba sai an je Indiya ba. Ni ki ba ni Piku na 2015, inda ya fito a tsoho mai mita, kullum zancensa cikinsa ya ɗaure, yana korar manema 'yarsa don kada ta bar shi. Za ki ji haushinsa, ki yi dariya, kuma ranar da 'yar ta shiga ɗaki da safe ta tarar ya cika a cikin barci, wallahi sai da na tashi na bar falon.