Charles Russell da Zanen Yammacin Amurka

Zanen Yammacin Amurka fanni ne da ya ginu a kan filayen kiwo da dawakai da kaboyi da ƙabilun 'yan asalin ƙasar, kuma Charles Marion Russell na cikin waɗanda suka ba shi siffar da aka san shi da ita. An haife shi a St. Louis ta jihar Missouri a 1864. Karatun boko bai karɓe shi ba, don haka yana ɗan shekara 16 iyayensa suka bar shi ya tafi Montana a 1880. Ya taɓa kiwon tumaki, ya zauna wajen wani maharbi mai suna Jake Hoover, sannan ya kama aikin gadin dawakai da shanu da dare, aikin da ya riƙe kusan shekara 11. Da rana sai ya samu sararin zane.

Sanyin hunturun 1886 zuwa 1887 ya yi wa shanun Montana kisan kiyashi. Da masu garke suka aiko wasiƙa suna tambayar halin da dabbobinsu ke ciki, sai Russell ya yi wani ɗan zane da kalar ruwa, bai wuce girman katin wasiƙa ba: sa guda ya rame, haƙarƙari duk a waje, yana tsaye cikin dusar ƙanƙara, kyarketai sun kewaye shi. Wannan zane, "Waiting for a Chinook" (wato jiran iska mai ɗumi), shi aka aika a matsayin amsa, kuma daga nan sunansa ya fara fita. Matarsa Nancy Cooper, wadda ya aura a 1896, ita ta mayar da baiwar sana'a. Ita ke yanka farashi, ita ta kai ayyukansa baje koli a New York a 1911 da Landan a 1914.

Lokacin da ya zauna zane sosai, duniyar da yake zanawa ta riga ta wuce. An ƙarar da manyan garkunan bauna irin ta Amurka tun farkon shekarun 1880, an tattara ƙabilu a keɓaɓɓun yankuna, waya mai ƙaya da layin dogo sun yanke filayen kiwo. Saboda haka aikinsa na tuni ne da bege. A ƙananan abubuwa ba a kama shi da kuskure cikin sauƙi: ɗaurin sirdi, zaman ƙafa a likkafa, shaidar da aka lalasa a cinyar sa, duk ya san su da hannunsa. Inda ake tuhumar fannin shi ne abin da ya bari a waje, musamman yunwa da ƙuncin keɓaɓɓun yankunan.

Duk da haka Russell ya bambanta da takwaransa Frederic Remington, ɗan jihar New York da ya yi suna a mujallar Harper's Weekly, wanda ya fi karkata ga sojan doki da fagen fama. Russell ya yi watanni kusa da ƙabilar Blood a Alberta ta Kanada a 1888, kuma abin ya fito a aikinsa. Babban zanensa na 1912 a majalisar dokokin Montana da ke Helena, mai faɗin kusan ƙafa 25, yana nuna haɗuwar matafiyan nan Lewis da Clark da mutanen Salish a 1805. Mahayan Salish ne suka cika gaban hoton, dawakansu na rawa a cikin ciyawa, su kuwa Turawan da ake yi wa kirari sai an duba gefe can nesa ake hango su. A ginin gwamnati, a wancan zamani, wannan zaɓi ne mai nauyi ƙwarai. Ya kuma goyi bayan a ba 'yan ƙabilun Chippewa da Cree marasa ƙasa matsuguni, wanda aka kafa da sunan Rocky Boy a 1916.

Ya rasu a garin Great Falls na Montana a 1926, ya bar ayyuka kusan 4,000 na fenti da zane da sassaƙa. Ɗakin aikinsa na gungumen itace, wanda aka gina a 1903, yana nan a harabar gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a garin.