3.4 Matsayin Ɗan Jagora a Rera Waƙar Imfiraji

Alhaji Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma waƙarsa ta Imfiraji ta zama jarin makafi mabarata a ƙasar Hausa. Manazarta sun fi karkata ga jigonta na wa'azi da begen Annabi (SAW), sun manta da mai riƙe da sanda. Alhali makahon da ya taso daga Kurya Madaro ba ya isa kasuwar Shinkafi sai da ɗan jagora. Yaron ke zaɓen rumfar da za a tsaya, shi ke karɓar amshi, shi ke ƙirga sadaka. Ke nan rabin aiwatarwar a hannunsa take. Sai dai kasuwar ranar Alhamis take ci, ranar da makarantar allo ke hutu, ta boko kuwa ana cikin aji.