Hanimun: Mun Lashe Zumar, Mun Manta da Watan

'Yan uwana mata, kalmar nan ta hanimun da ta cika littattafanmu na soyayya, ni fa ina da ja a kanta. Marubuci zai ɗaura aure, ya saka ango da amarya a jirgi zuwa Landan, sai ya rufe littafi, wai an gama.

Kalmar Turanci ce, haɗin zuma da wata. Ta fito a littafin karin magana da John Heywood ya wallafa a Ingila a 1546, kuma mutanen lokacin gatse suke yi da ita: ɗokin amarci kamar wata yake, da ya cika sai ya soma raguwa.

Illar ita ce, budurwa ta karanta ta ɗauka kullum haka aure yake. Ran da aka fara lissafin cefane, sai ta ce an daina son ta. Haba! Ai zo mu zauna, zo mu saɓa ne.

Marubutanmu, don Allah ku riƙa shigar da mu gidan bayan wata ya ragu, mu ga yadda ake haƙuri da juna. Allah Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu.